Kunnen Hagun Mai Inji

Kafin baƙin sama su gano shi, babu wanda ya taɓa zama hira da Mai Inji a layin nan. Ba wai an tsane shi ba ne. To yaya za ka yi hira da mutumin da ke tsaye jikin injin niƙa tun safe har yamma, shago na girgiza kamar ana rushe gida? Mata su zo su dire bokiti, su nuna masa da hannu ko gari suke so ko ɓarza, ya gyaɗa kai, su tafi. Haka ya yi ta yi har gemunsa ya yi furfura ba wanda ya lura, don dama kullum fari yake fat, daga gira har yatsun ƙafa.

Shagon na kawunsa ne. An kawo shi yana ɗan saurayi, bayan makaranta ta juya shi ta juya shi ta rasa inda za ta kama. Kawun ya koya masa ɗaure bel da wasa farantan inji idan haƙoransu sun cinye, sannan ya damƙa masa dunƙulen auduga ya ce, "Da safe ka cusa a kunne, da yamma ka cire. In ba haka ba injin nan zai cinye maka ji."

Cusawar kam ya riƙe ta da kyau, har da tsinken ashana yake turawa. Cirewar ce ta zama yadda ta samu. Ta dama tana fitowa lafiya. Ta hagu kuwa, da yake ramin kunnen a ɗan karkace yake, abin da farce ya kamo shi ke fita, guntun da ya saura gobe sabuwar auduga ta ƙara tura shi ciki. Ga gumi, ga ƙurar gari. Kai ma ka san abin da ruwa da gari ke zama in an bar su sun kwana, balle su yi shekara da shekaru a rami ɗaya.

A wurin niƙan ya samu mata. Ita ce ke kawo niƙan gidansu, ta tsaya tana masifa cewa ya bar mata tsaki a gari, shi kuma yana kallonta yana murmushi. Ta koma gida ta ce ba ta taɓa ganin namiji mai haƙuri irin wannan ba, ka zazzage shi tas ya yi maka fara'a. Sai da aka yi aure ta gane ba haƙuri ba ne, ji ne ba ya yi. Daga nan Maman Auta ta buɗe murya, kuma ba ta sake rufewa ba. Duk sirrin gidan nan, daga fitsarin kwancen yara har maganin basir ɗin maigida, babu maƙwabcin da bai ji ba yana kwance a ɗakinsa. Yaran suka girma suka watse, aka bar su su biyu, ita tana ihu, shi yana "Na'am? Da ni kike?"

Wata rana da yamma aka ɗauke wuta yana tsakiyar niƙa masara. Inji ya yi tari ya mutu. Ya fito ƙofar shago yana karkaɗe riga, ya ɗaga kai, sai ga wani abu can sama yana ƙyalli, zagayayye kamar murfin tukunya, yana tafiya a hankali ba ƙara ba hayaƙi. Yaran layi sun ce balan-balan ce mai ruwan azurfa da ta kuɓuce daga shagon kayan wasa. Amma yara ba su ji abin da ya ji ba. Daidai lokacin da yake kallon abin, sai wani siririn sauti ya taso masa a cikin kai, ta ɓangaren hagu: ziiii. Ya waiga, babu kowa. Ya toshe kunnen da yatsa, sautin ya ƙaru. Abin da ke ƙaruwa in ka toshe kunne ai ba daga waje yake ba. Nan take ya gane. Daga cikin murfin tukunyar ake masa magana, kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa, ba baki ba waya.

Mutum na farko da ya faɗa wa shi ne Mai Aski, wanda shagonsa ke manne da nasa. Mai Aski irin mutanen nan ne da za su ga ka sa riga a baibai su tsaya yaba maka ɗinkin. Yana da benci a ƙofar shago da babu mai zama, da tattabaru a bayan shago da ba ya iya ciyarwa. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya ajiye almakashi, ya matso kunnen dama ya ɗaga murya.

"To me suka ce maka, maƙwabci?"

"Ba da irin maganarmu suke yi ba. Sai na koyi yarensu."

"Ai sun iya zaɓe. Duk garin nan wa ya kai ka daɗewa yana sauraron ƙara?"

Mai Inji ya ji daɗin wannan magana har cikin ransa. Rabon da wani ya ce ya fi kowa a wani abu, shi kansa bai tuna ba.

Bai daɗe ba ya koyi yaren. Ya lura in ya motsa muƙamuƙi sautin na canzawa, wani lokaci ya yi siriri, wani lokaci ya yi kauri har da ɗan ƙas-ƙas. Siriri shi ne e, kauri shi ne a'a. Sai ya rufe ido, ya yi tambayar a zuci, ya karkata kai hagu, ya shiga tauna iska kamar akuya mai tuƙa. In amsar ba ta yi masa ba ya yi hamma ya sake tambaya, don a cewarsa akwai nisa, saƙo kan karkace a hanya. Da aka tambaye shi me ya sa ba sa magana sai inji ya tsaya, ya ce mutane ne masu tarbiyya, ba sa katse mutum yana kan sana'arsa.

Wasu tsofaffi suka ce aljanu ne, a nema masa magani tun da wuri. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce aljani ina ya ga jirgi? Waɗannan masu ilimi ne, daga wata duniya da ke bayan taurari suka taso. Wato sun ratso duk wannan nisa, sun wuce manyan ƙasashe da jami'o'insu, ba su ga wanda ya kwanta musu a rai ba sai mai niƙan barkono a layinmu.

Daga nan bincike ya kankama. Ya sayi madubin hangen nesa na hannu, wanda ido ɗaya ya fashe. Ya samo tsohon dish na talabijin da wani ya yar, ya hau da shi rufin shagon, da yake shimfiɗaɗɗen siminti ne, ya juya fuskarsa sama, ya ɗaura masa waya, ya soke ɗaya bakin wayar a hularsa. Ya cika wayar hannunsa da hotuna, kowanne baƙin fili da ɗigon fari a tsakiya, kowanne da dogon labarinsa. Ya tsinto wata takarda mai ƙyalli a rufin ya ce ɓallin jikin jirgi ce, duk da har lokacin tana ƙanshin biskit. Da aka ƙona tsohuwar taya a filin bayan layi ta bar baƙar da'ira a ƙasa, ya je da igiya ya auna, ya hana yara ƙwallo a wurin.

Babban aikin shi ne da'irar gari. Baƙin sun sanar da shi, ta hanyar muƙamuƙi, cewa suna buƙatar farar alama don su san inda za su sauka. Saboda haka kowane bokiti ya niƙa sai ya ɗebi ɗan tafi ya ajiye gefe, da yamma ya hau tsani ya zana ƙatuwar da'ira a rufi. Da safe ya hau ya tarar an share ta tas.

"Sun karɓa," sai ya ce.

A wannan shekarar tattabarun Mai Aski suka yi ƙibar da ba sa iya tashi sai sun ɗan yi gudu tukuna.

Benci ma ya cika. Duk yamma in inji ya tsaya sai a kira shi, a kakkaɓe masa wuri a tsakiya. Mai Aski ya raɗa masa suna Jakada, wai jakadan sama a ƙasa. Tela, wanda shagonsa ke tsallaken layi, ya ɗinka masa hula mai ɗan aljihu na soke bakin waya. Ana kawo masa tambayoyi iri-iri, ko farashin siminti zai sauka, ko ƙungiyar ƙwallon da wane ke so za ta taɓa cin wani abu kafin ya mutu. Shi kuma ya rufe ido ya tauna iska, benci ya yi tsit, kafaɗu na rawa. Masu jiran aski suka yawaita, har da waɗanda ba su da gashin da za a aske.

Kuma shi da kansa ya buɗe musu ƙofa. Ya kafa doka cewa kunnen dama na mutane ne, na hagu na baƙi ne, kada wanda ya yi magana a ciki. Dama ko ganga ka buga ta nan ba ya ji. Sai ya zama duk mai son nishaɗi ya nemi wuri a hagunsa, fuska cike da ladabi, baki na zuba ƙasa-ƙasa. Ta dama, "Ranka ya daɗe, Jakada." Ta hagu, "Jakin sama, ɗan tauna mana." Shi kuwa ya ga leɓɓa na motsi ya ɗauka fatan alheri ake masa, har ya ɗaga hannu ya amsa.

Abin da ya sani kawai shi ne, bayan shekarun da ya yi ba mai tambayarsa ko ƙarfe nawa, yanzu in bai fito ba har gida ake aikowa. Ya fara wanka kafin ya zo benci. Ya sayi turare. In ka raba shi da wannan ziiii ka raba shi da bencin, kuma ya fi kowa sanin haka.

Maman Auta ce kaɗai ba ta dariya.

"Baban Auta, wasa suke da kai," ta faɗa da muryar nan tata mai tayar da kajin maƙwabta. "Mayar da kai suka yi talabijin."

"Hassada ce. Ke ma in kin gyara halinki za su yi miki magana."

"Ni da nake maka magana tun ina amarya ba ka ji ba, sai na sama?"

"Na'am?"

Ta ja tsaki ta shige kicin.

Ta wayar hannu ya haɗu da wasu irinsa a wasu garuruwa, suna da ƙungiya ta masu binciken jiragen baƙi. Shugabansu ana ce masa Farfesa. Mai sayar da tabarau ne a bakin tasha, amma kwat yake sawa ko ana zafin da ƙwai zai dahu a ƙasa. Ƙungiyar na da masu gani da yawa, kowa ya ga nasa murfin tukunyar, amma ba su da mai ji ko ɗaya. Farfesa ya aiko cewa zai zo da mutanensa ƙarshen wata su gwada Jakada a kan rufi, a gaban jama'a. In ya ci, a naɗa shi babban mai karɓar saƙo na ƙungiya, a ba shi kati mai hoto. Mai Inji bai taɓa mallakar kati mai hotonsa ba sai na asibiti. Ya je aka ɗauke shi sabon hoto, da hular da wayar.

Taro na matsowa kunnen ya fara ciwo. Da farko ya ce baƙi ne ke faɗaɗa layi saboda yawan saƙon da za a turo. Sai gefen fuska ya kumbura, ya kasa tauna abinci balle iska. Ya rufe shago ya kwanta yana nishi, matashin kai na wari.

"Tashi mu je asibiti," in ji Maman Auta.

"Ba wanda zai taɓa min eriya."

"Eriyar ce ke wari haka?"

"Ki bari a gama taro."

"Kafin taro ka mutu, Farfesan naka ya zo ya rataya wa dish katin. Baban Auta, ko ka tashi da ƙafarka, ko in kira Auta da mijinta su ɗauke ka kamar buhu, su wuce da kai ta gaban 'yan bencin nan."

Ya rufe ido ya tambayi baƙi. Yana motsa muƙamuƙi zafi ya harbe shi har tsakiyar kai, bai ma tsaya jin siriri ne ko kauri ba.

"Sun ce a je," ya ce. "Amma ta ƙofar baya."

Wani ƙaramin asibiti suka je a wata unguwa, don ya ƙi yarda da na kusa. Nas ɗin, wata mata mai jiki wadda ta ga kunnuwa iri-iri a rayuwarta, ta haska fitila ta leƙa, ta ja baya, ta sake leƙawa.

"Baba, me kake ajiyewa a nan?"

"'Yata, ki bi a hankali. Akwai masu amfani da wurin."

"Akwai kam," in ji ta.

Ta ba shi maganin sha da na ɗigawa, ta ce su dawo in kumburin ya sauka. Kumburi kuwa bai ga damar sauka ba sai ana gobe taro. Ya so ya zille, Maman Auta ta ɗauko waya ta nuna masa lambar Auta. Da safen ranar taron suka koma.

Nas ta zo da sirinji da ruwan ɗumi, ta sa Maman Auta ta riƙe tasa a ƙarƙashin kunnen. Tana tura ruwa yana jin sautin na rawa, ya yi siriri ya yi kauri, kamar masu neman ceto. Ya ƙanƙame kujera. Can ta sa hantsaki ta kamo wani abu, ta ja a hankali, ya fito ya faɗa tasa, ƙwal. Baƙi ne, ya kusa kai gaɓar yatsa, da tauri kamar tsakuwa. Ta fasa shi a gabansu. Auduga ce da gari da dattin kunne, da kan tsinken ashana a tsakiya.

Sautin ya ɗauke. Ya karkata kai ya tauna, ya yi hamma har hawaye ya zubo. Shiru. A madadinsa sai duniya ta afko masa gaba ɗaya, agogon bango, takalmin wani a baranda, ƙuda a jikin taga, numfashin matarsa.

"Ka yi sa'a, Baba," nas ta ce. "Kunnen dama inji ya cinye fiye da rabinsa. Wannan kuwa toshewar ce ta kare shi. Sabo ne fil, kamar na jariri."

"Yaya kake ji?" in ji Maman Auta, da muryarta ta kullum.

Ya zabura ya dafe kunne. "Haba, Maman Auta. Wa ya mutu?"

Ta tsaya baki buɗe. Sannan ta laluɓo wata murya da ta ajiye tun shekarar aurensu, ta gwada a hankali. "Ka ji ni?"

"Na ji."

"To baƙin fa?"

Nas ta sa masa 'yar auduga sako-sako a bakin kunnen saboda iska, ta ce ya cire da yamma. Ta dube shi ta maimaita, "Ka cire, Baba. Duka."

Suka kama hanyar gida. Kowane hon na mota sai ya ji kamar a kansa aka buga. Maman Auta ta ce ya aika wa su Farfesa cewa ba shi da lafiya. Ya ce mutane sun taso tun asuba daga garuruwansu. Yana tafe yana gwada muƙamuƙi a ɓoye, ko baƙin za su dawo, ko da ɗan ƙas-ƙas ɗin ne. Babu. Ya hango yadda gobe za ta kasance, shi da inji da bokitai, a nuna masa da hannu ya gyaɗa kai, turarensa ya ƙare a kwalba ba wanda ya shaƙa.

Da yamma rufin shago ya cika har ana tsoron siminti. Ga Farfesa da kwat ɗinsa da wata ƙatuwar jaka, ga mutanensa, ɗaya na ɗaukar bidiyo da waya. Aka zaunar da Mai Inji a kujera a tsakiyar da'irar gari, hula a kai, waya a soke. 'Yan benci suka yi rige-rigen samun wuri a hagu kamar yadda suka saba, har wasu daga cikin mutanen Farfesa suka bi su can, da aka gaya musu nan ne wurin hutawa. Farfesa ya tsaya a dama ya yi jawabi mai tsawo a kan taurari, rabinsa bai san ma'anarsa ba. Sannan ya sunkuyo ya ɗaga murya.

"Gwajin mai sauƙi ne, Jakada. Ka ce su faɗa maka abin da babu yadda za a yi ka sani da kanka."

Ya rufe ido. Ya tauna. Babu komai. Ya yi hamma ya sake. Gumi ya karyo masa, ya bi ta ƙarƙashin hula ya gangaro wuya. Ya buɗe baki zai ce jama'a ku yi haƙuri, sai ya ji murya a hagunsa, ƙasa-ƙasa, amma tar kamar a cikin kunnen ake yi.

"Tauna, jakin sama, tauna." Mai Aski ne. "Ka gama mu sauka, tattabaruna na jiran asuba su zo su ci abincinsu."

"Ni dai kada ruwa ya taɓa hular nan," in ji Tela. "Da tsohon siket ɗin matata mai ruwan toka na ɗinka ta. Na ce masa yadin waje ne mai jawo saƙo. Har yau tana neman siket ɗin."

Wani daga mutanen Farfesa ya ce, "Ai ko ya faɗi za a ba shi katin. Maigida Farfesa ya cika jakar nan da tabaran da suka ƙi sayuwa, zai ce masa na ganin jirgi ne."

Aka yi dariyar nan ta cikin hanci, wadda fuska ba ta nunawa.

Muƙamuƙin ya tsaya cak. Waɗannan ne leɓɓan da ya daɗe yana ɗaga wa hannu. Ya tuna wankan da yake yi, ya tuna turaren. Da wani ne da tuni ya shaƙe Mai Aski. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa tsaye jikin inji ya saba jiran gari ya gama sauka kafin ya janye bokiti. Ya ci gaba da tauna iska, ido a rufe, ya bar su suka zuba har suka ƙoshi.

Sannan ya ɗaga hannu. Rufi ya yi tsit.

"Saƙo ya sauka," ya ce. "Sun ce a gaishe da Farfesa. Sun ce tabaran da ke cikin jakar nan, waɗanda suka ƙi sayuwa, a mayar da su tasha. Jakada ba ya saye."

Farfesa ya dubi jakar. A rufe take ruf, da ƙaramin kwaɗo. Ya ja baya ya gyara kwat.

"Sun ce hular nan tana aiki ba laifi. Amma a gaya wa Tela matarsa na neman siket ɗinta mai ruwan toka."

Matar Tela na cikin matan da suka hau rufin. Ta miƙa wuya ta ƙare wa hular kallo, sannan ta juyo ta ƙare wa mijinta. Tela ya fara neman inda tsani yake.

"Sun kuma ce garin da nake zuba musu ba ya isa wurinsu. Akwai mai sakin tsuntsaye da asuba kafin in hau. Sun san shi. Sun ce akwai wani suna da yake kirana da shi, sunan dabba, sun ji tun ranar farko, suna tarawa ne kawai."

Sai ya buɗe ido ya juya a hankali ya dubi Mai Aski. Mai Aski ya dubi sama, ya dubi dish.

"Ranka ya daɗe," in ji Mai Aski. Wannan ne karo na farko da ya faɗi haka ta hagu. "Wallahi wasa ne, maƙwabci. Ka ba su haƙuri."

"Ka zagayo ta dama," in ji Mai Inji. "Ba na ji ta nan."

Farfesa ya rataya masa kati, ya ce a duk shekarunsa na bincike bai taɓa ganin irin wannan ba, kuma wannan karon gaskiya ya faɗa. Bai tsaya shan ruwa ba. Jakar ma da kansa ya ɗauka.

Daga ranar layin nan ya canza. Mutanen da suka sha dariya lokacin da bawan Allah ke faɗin abin da ya yarda da shi har zuciya, yanzu da ya koma ƙarya zalla sai suka yarda. Mai Aski ya sayar da tattabarun duka a rana ɗaya, yana kuma yi masa aski kyauta, a hankali kamar mai aske ƙwai. Tela ya ɗinka wa matarsa sabon siket, ya ɗinka wa Jakada sabuwar hula da yadin gaske. Benci ya ƙara cika, sai dai yanzu a tsorace ake zama. Kuma saƙo bai taɓa yankewa ba, don mutanen layin nan ba su iya riƙe baki ba. Sai su matsa can gefe su yi raɗa, shi kuma yana zaune da 'yar audugarsa sako-sako yana kwashewa, gobe ya tauna iska ya mayar musu da kayansu.

Maganar wankin kunne ta fito daga baya. Maman Auta ce ta faɗa wa wata maƙwabciya a kan ba za ta gaya wa kowa ba, don haka kafin rana ta faɗi kowa ya ji. Mai Aski ya ce bari ya gwada. Ya lallaɓa ta bayansa, ta hagu, ya saki tiren ƙarfe a kan siminti. Duk bencin sai da ya zabura, har mai barci. Mai Inji ko ƙifta ido bai yi ba. Mutumin da ya girma jikin injin niƙa za ka firgita da tire? Daga nan aka ce Maman Auta hassada take yi, dama tun farko ba ta son ci gabansa.

Asarar da maƙwabta suka yi ita ce ta labarai. Gidan da a da kake kwance a ɗakinka kana jin abin da aka dafa da wanda aka zaga, yanzu shiru kamar ba mutane. Sai dai wani lokaci a jiyo su suna dariya su biyu, kuma ba wanda ya san ta mece ce. Wasiyyar kawu ma ta samu shiga bayan kawun ya daɗe a ƙasa. Da safe ya cusa auduga, da yamma ya cire, ya ɗaga ta a haske ya tabbatar ta fito duka.

Amma duk yamma, bayan an tashi daga benci, yana hawa tsanin nan shi kaɗai. Ya zana da'irarsa, ya zauna a tsakiya, ya soke waya a hula. Babu mai kallo, babu wanda zai yaudara, amma sai ya karkata kai hagu ya tauna a hankali, ya daɗe yana saurare. Ya ji kukan yaro a layi na uku, ya ji famfon wani na ɗiga, ya ji komai banda abin da yake jira.

Can Maman Auta ta fito tsakar gida, ta ɗaga kai, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Sun yi magana?"

"Tukuna."

"To sauko, abinci na hucewa."

Ya sauko. Garin kuwa yanzu a rufi yake kwana, ba tattabarar da za ta taɓa shi. Da sassafe, kafin a buɗe shaguna, ya hau da tsintsiya ya share abinsa, ya juye a bokiti. In Mai Aski ya rusuna ta dama ya tambaya ko an samu baƙi jiya, sai ya gyara katin a ƙirji.

"Sun karɓa," ya ce.